Jan Farce a Gindin Kwano

Ni dillaliya ce, kuma ba gadon sana'ar na yi ba. Da atamfata guda ɗaya na fara, wadda na ɗauka na shiga gida-gida a Tudun Wada har na samu mai saye. A hanyar dawowa wata mata ta kira ni ta bayan labule, ta miƙo mini zanenta ta ce in gwada mata sa'a. Daga ranar ƙunshi bai sauka daga kaina ba. Yau ina da shago, na aurar da 'ya'ya biyu, na sauke farali. Na faɗi wannan ne don kada a ɗauka yunwa ce ta kawo abin da zan ba da labari.

Sana'armu doka ɗaya gare ta: ba a faɗin mai kaya. Mace za ta ba ki kwanon jerenta don maigida ya kwanta ciwo, ko don an koro yara daga makaranta, ba ta so ko maƙwabciyarta ta sani. Idan bakinki ya zube sau ɗaya, kin gama shiga gidajen mutane. Kuma ba baki kaɗai ke tona asiri ba, shi kansa kwanon yana yi. A unguwarmu kowace mace tana da alamarta. Ranar biki ko suna ko zaman makoki kwanuka kan cakuɗe, ɗari su taru a tsakar gida ɗaya, don haka kowa takan ɗiga jan farce a gindin nata. Wata ɗigo uku, wata layi biyu, wata zobe da ɗigo a ciki. Yarinya 'yar shekara bakwai ma tana iya juya kwano ta faɗa miki gidan da ya fito. Shi ya sa ban taɓa fita da kwano daga gidan mai shi ba sai na zauna na kankare alamar da reza, na bi wurin da auduga da kananzir.

Sau ɗaya na karya wannan doka, saboda 'yar Nas.

Haka duk unguwa ke kiranta, don mahaifiyarta ma'aikaciyar jinya ce. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Su Kirista ne, Hausawan Zariya, duk Lahadi sukan tafi coci a Wusasa. Ranar Kirsimeti ita ke kawo mana shinkafa a langa, ranar Sallah ni nake kai musu tuwo, kuma kwanon uwarta ƙaramin gicciye gare shi a gindi. Aji ɗaya muka yi a firamare. Zan faɗi wata magana da ba ni da mai shaida a kanta yanzu: na fi ta iya zane. Ni malamai ke sa wa in zana taswira a allo, ni nake zana mata kifi da sassan fure a littafinta, ita kuma ta yi mini lissafi. Mahaifina ya rasu ina aji uku a sakandare, karatu ya tsaya. Ita ta wuce jami'a a Samaru ta karanta zane, daga can ta samu tafiya Ingila ƙarin karatu, ta zauna.

Shekaru suka wuce muna gaisawa ta bakin uwarta. Na ji an ce tana shan wahala, tana wanke-wanke a gidan cin abinci, takardar zamanta kullum a bakin ƙarewa. Na tausaya mata da gaske. Tausayin wanda yake ƙasa da kai ba shi da wuya.

Da uwarta ta rasu ta zo. Bayan an gama karɓar gaisuwa ta kira ni in taya ta kwashe ɗakin, tun da ni na san darajar kaya. Muna sauke kabad sai muka tarar da wani kwano da ba nasu ba. Na juya shi na ce na gidan mai kitso ne, a mayar mata.

"Yaya aka yi kika sani?" in ji ta.

"Ke kuma, Turai ta shanye miki hankali ne? Ba ga layi biyu ba? Ai kwano ba ya ɓata a Tudun Wada. Ko ina ya kwana, gindinsa zai mai da shi gida."

Ta karɓi kwanon tana kallon gindinsa. Sai ta ce in sake faɗa. Na sake, ina dariya. Ta ciro ƙaramin littafi daga jaka ta rubuta. Na ɗauka maraici ne ke taɓa ta.

Kafin ta koma ta ce tana son tsofaffin kwanuka masu fure, samira da langa da fanteka, iya yawan da zan iya samu. A lokacin mata na ta fitar da su, kuloli da tangaran sun shigo, amare ba sa son jere irin na da. Na ce wannan ai aikina ne.

"Amma da sharaɗi," ta ce. "Kada ki kankare alamar."

"Wannan kuma ba zai yiwu ba."

"Maƙwabciya, teku za su ƙetara. Wa ya san ɗigo uku a can? Ni kaina da aka haifa a nan na manta."

Na yi kwana biyu ina juya maganar. Na ga gaskiya ne, Bature ba ya zuwa suna a Tudun Wada. Ban da wannan, na ji daɗi a ce kayan da suka bi ta hannuna za su hau jirgi. Na yarda. Kusan shekara biyu ina tara mata ina aikawa, da alamominsu yadda suke.

Wata rana 'yata ta fari, wadda ke koyarwa, ta zo gida ta miƙo mini waya. Hoton wani farin bango ne mai tsawo, an kafe kwanuka a jikinsa daga sama har ƙasa, duka a kife, gindinsu na kallon mutane. 'Yar Nas na tsaye a gaba da ɗankwali irin wanda ba ta taɓa ɗaurawa ba lokacin da take nan, Turawa sun kewaye ta. Na faɗaɗa hoton da yatsa. Ga na matar mai nama, ga na gidan mai kitso, ga na ƙanwar liman. Unguwarmu ce gaba ɗaya a jikin bango.

'Yata ta karanta mini bayanin. An ce aikin yana magana ne a kan mutanen da suka bar ƙasarsu, kowa da alamar gidansu a inda ba a gani, suna zaune a ɗakunan da ba wanda ya iya karanta ta. A saman bangon akwai rubutu da manyan baƙaƙe, Hausa da Turanci. Ban buƙaci a fassara mini ba. Maganata ce, wadda na faɗa a ɗakin uwarta da ƙura a hannuna. Sunanta ne a ƙasa.

"Umma, ba ki ce komai ba," in ji 'yata.

"Allah ya sa albarka," na ce, na tashi na ɗora ruwan zafin da ba na buƙata.

Daga nan abin ya riƙa hawa. Bangon ya bar wannan gari ya tafi wancan. Aka ba ta lambar yabo. Takardar zaman da ta hana ta barci shekara da shekaru, yanzu su suka kira ta suka ba ta. Ta yi wani aiki da akwatunan lefe, ta yi wani da tabarmi, amma duk inda aka ambace ta kwanukan ake fara faɗa. Wata safiya na ji muryarta a rediyo, ana hira da ita da Hausa, tana bayanin yadda matan Zariya ke sa alama kamar ita ta gano abin. Na kashe rediyon. Ban kai ƙofa ba na dawo na kunna, don kada ta ambace ni ban ji ba. Ta ce akwai wata ƙawarta ta yarinta da ke taimaka mata wurin samo kaya. Iyakar rabona ke nan.

Na san sunan abin da ke damuna. Na yi istigfari a kansa, na yi mata addu'ar ƙarin ɗaukaka da bakina don in kunyata zuciyata. Bai tafi ba. Ba kuɗinta nake hange ba, ta biya ni haƙƙina ba tare da ciniki ba. Abin da ke ci na shi ne ni na san kwanukan nan. Na san hannun da ya ɗiga kowace alama, na san ranar da aka fitar da kowanne da dalilin fitarwar. Ita ta san su ne kamar yadda baƙo ya san gari daga tagar mota, amma ita ake tambaya.

Bara ta bugo waya tana murna. Ta ce za ta kawo bangon gida, an ba ta wani babban zaure a harabar jami'a da ke Kongo, nan cikin Zariya, kuma tana so matan Tudun Wada su zo su ga kayansu, har motoci za ta ɗauka musu. Na ce madalla. Sai da na ajiye wayar na koma wanke-wanke, na kife kwanona a kwando na ga alamata, sannan na farga: matan da za ta kwaso sun iya karanta gindin kwano.

Inna na fara tunawa. Tsohuwa ce a layinmu, matar wani malami mai karantar da manya a zaure, mace mai kamun kai da ba a taɓa jin ta nemi ko gishiri a maƙwabta ba. Lokacin da malam ya yi doguwar jinya ta aiko a kira ni, ta rufe ƙofa, ta sauke samirunta na aure gaba ɗaya. Ta ce malam ba zai sani ba, 'yan'uwansa ba za su sani ba. Ga duk wanda ya tambaya ta ce ta aika wa 'yarta da ke aure a nesa. Malam ya rasu yana ganin 'yan'uwansa ne suka biya magani, su kuma suna ganin yana da ajiya. Alamarta kuwa ko makaho ya san ta. Ita kaɗai ke da koren jan farce a unguwar, tsarabar Makka, ɗigo uku da layi a ƙasa. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Akwai wasu da suka rufe ƙofa irin tata.

Ana saura kwana biyu a buɗe na hau acaɓa da safe na tafi Kongo, reza da auduga da kwalbar kananzir a jakata. Na tarar an riga an kafe fiye da rabi. A ido ya fi hoto kyau, wannan ma sai da ya ƙona ni. 'Yar Nas ta taho da gudu ta rungume ni.

"Hajiya Dillaliya da kanta. Zo ki ga 'ya'yanki."

"Na gan su. Wasu zan yi wa aski."

Na buɗe jakar ta ga reza. Dariyarta ta tsaya. Na yi mata bayani a tsaye, ban ambaci kowa ba.

"Alamar ita ce aikin," ta ce. "In kin goge, kwano ne kawai."

"Da ma kwano ne."

"Shekara nawa bangon nan yana yawo a duniya ba wanda ya ce uffan."

"Don ba wanda ya iya karatu a can. Jibi za ki cika motoci da waɗanda suka iya. Ke kika ce mini teku za su ƙetara, ba ki ce mini za su dawo ba."

"Ke kuma kika ce gindinsa zai mai da shi gida."

"To ga shi ya mayar. Sai ki ji daɗi."

Ta zauna a kan wani akwati ta dafe kai. Can ta ce in faɗa mata na su wane ne, ta je da kanta ta roƙe su, ta yiwu su yarda.

"Ki je ki yi sallama ki ce, Inna, na san kin sayar da kayan ɗakinki a ɓoye, ko za ki bari in nuna wa duniya? Ashe dai kin daɗe a waje."

Ban so kalmar Inna ta fita ba, amma Inna tana da yawa a Tudun Wada. Maganar ƙarshen ce ta sami 'yar Nas. Na ga idonta ya kawo ruwa. Ta ce a can kullum ana tuna mata ita baƙuwa ce, ta zo gida kuma ga shi ina tuna mata. Ban ba ta haƙuri ba. Ta tashi ta ce wa masu kafe kayan duk wanda na nuna su sauke mini.

Na bi bangon ina nunawa. Na san wadda ta sayar tana dariya don ta sayi kula, na san wadda ta sayar da ƙofa a rufe. Na farko na bar su, na biyu na sa aka sauke. Na shimfiɗa ɗankwali a ƙasa na zauna na fara aiki. Koren Inna ya yi taurin kai, shekaru sun kama shi, sai da na jiƙa shi sau uku. 'Yar Nas tana tsaye can nesa, ƙarar reza kawai ake ji a zauren.

A nan ne zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Cikin waɗanda na sa aka sauke, biyu ba su da asirin komai. Ɗaya na matar mai nama ne, wadda ta zana fure cikakke da jan farce a gindin fantekarta, kuma shi ne hoton da aka buga a takardar gayyata. Ta sayar mini da shi a tsakar gida, gaban kowa, tana cewa ta gaji da tsohon yayi. Na tsaya a gabansa na san babu dalili. Na ɗaga hannu na nuna. Da nake kankare furen na ji wani sanyi a raina wanda ban ji ba lokacin da nake kankare na Inna.

Da na gama na tattara audugar na ce wa 'yar Nas sai jibi. Na ɗauka zan tarar da bango mai giɓi kamar bakin tsohuwa.

Ranar buɗewa na tarar ta cike giɓin da wasu kwanuka, waɗanda na goge kuma ta ware musu bango nasu su kaɗai, a jere ɗaya, kowanne da ɗan farin tabo inda reza ta bi. A ƙasa ta sa kwalbar kananzir ɗina da na manta, a kan ɗan teburi. 'Yata ta karanta mini sabon rubutun: waɗannan su ne waɗanda sai sun goge inda suka fito kafin a bar su su wuce. Malaman jami'a sun fi taruwa a nan. Na ga wani yana share ido. Na tsaya a bayansu da hannun da ya yi aikin, har yanzu da ɗan yankan reza a babban yatsa, ina jin ana cewa wannan shi ne mafi zurfin abin da ta taɓa yi.

Motocin Tudun Wada suka iso. Mata suka cika zauren da hayaniya, kowa na neman nata.

"Ga naki can sama, har Ingila ya je ya dawo, ke ko Kaduna ba ki sani ba."

"Bar ni, kwanona ya yi mini aikin fasfo."

Inna ta zo a cikinsu, tana dogara sanda. Ta bi babban bangon a hankali daga farko har ƙarshe, na ga idonta na neman kore. Sannan ta juyo wajen ƙaramin. Ta tsaya a gaban wata samira mai ɗan ɓallin fenti a kunne. Na matsa kusa da ita.

"Wannan irin nawa ne da na aika wa 'yata," ta ce, da ƙarfin da na kusa za su ji.

"Irinsa ne, Inna. Kamfani ɗaya ya yi su."

Ta gyaɗa kai. Ta kama hannuna kamar mai neman abin dogara, ta matse, ta ce in na samu sarari in biyo ta gida cikin mako, tana da 'yar magana. Na san irin maganar. Har yau ina shiga gidan, da sauran gidajen.

Matar mai nama ce ta tare ni a tsakiyar zaure da takardar gayyata a hannu. Mako guda tana yawo da ita a unguwa tana nuna furenta, har ta gayyato 'yan'uwanta daga Gyallesu.

"Hajiya, ina nawa? Na duba ko'ina."

'Yar Nas na tsaye kusa, ta ji.

"Ke kika sayar mata da shi?" ta tambayi matar.

"Ni kuwa, gaban kowa. Me zan ɓoye a tsohuwar fanteka?"

'Yar Nas ta dube ni. Ba ta daɗe tana kallon ba, amma mun yi aji ɗaya shekara shida. Ta juya ta ce wa matar fentin ne ya lalace a hanya, laifin masu ɗaukar kaya ne, ta ba ta haƙuri, ta ɗauki hoto da ita. Matar ta koma gida ba ta ji daɗi ba. Daga baya na kai mata kula sabuwa na ce tukuici ne daga mai baje kolin. Ta karɓa, amma ba kula take so ba.

Ana gobe za ta koma, 'yar Nas ta zo shagona da rana ta zauna a kan benci. Ba ta ta da maganar fantekar ba, ni ma ban tayar ba. Ta ce ƙaramin bangon zai tafi da ita, kuma tana so ta sa sunana a jikinsa tare da nata, har da maganar da ke saman babban, tun da tawa ce.

Shekaru ina jiran wannan magana. Na ji ta har cikin ƙashina.

"Ki sa sunana," na ce, "gobe duk Tudun Wada ta san duk wadda ta rufe ƙofa da ni kwanonta na jikin bangon nan. Sai su fara lissafin gidajen da nake shiga. A'a. Bar shi yadda yake."

"To me zan yi miki?"

"Ki dawo mini da kwalbata."

Ta yi dariya har da hawaye, ta ce kwalba ta riga ta shiga inshora. Na zuba mata kunun zaƙi ta sha, na raka ta bakin titi.

Ƙaramin bangon yana can yana yawo. 'Yata takan turo mini hotuna, yau wannan gari, gobe wancan. Nakan ce mata ta daina cika mini waya, amma ban taɓa share ko ɗaya ba. In shago ya yi shiru nakan buɗe in faɗaɗa da yatsa, in bi jeren ɗaya bayan ɗaya ina faɗin masu su a zuciyata. In na zo kan fantekar nakan wuce da sauri. Reza kuwa na sayi sabuwa, tana cikin jaka, kuma ko wa ya roƙe ni ba na fita da kwano sai na zauna a bakin ƙofar mai shi na gama da gindinsa.